Yadda Ake Fita Kallon Balbela da Zalɓe a Fadama, Daga Shiri Har Ƙirga

Tun da na fara nuna wa mutane hotunan balbelu da ire-iren zalɓe da nake ɗauka a fadama, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: ya ake yi ka kusance su haka ba su tashi ba, kuma da wace na'ura? Wasu masu tambayar ɗalibai ne da aka ba su aikin ƙirga tsuntsaye, wasu malaman makaranta ne masu son fita da yara, wasu kuwa sha'awa ce kawai ta kama su. Amsata ba ta sauyawa. Ni ba na zuwa wajensu, wuri nake samu in zauna su zo inda nake. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta isa ga wannan zaman, da sanin abin da za ka yi idan ka zauna. Ka bi su a jere, domin yawancin waɗanda suka dawo hannu rabbana tsallake na huɗu da na biyar suka yi.

1. Fara da lokaci

Idan tsuntsayen ruwa kake son gani da yawa a wuri guda, watanninka su ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan da ya malale fadamu a Agusta da Satumba yana janyewa a hankali, kifi da kwaɗi su taru a 'yan kududdufan da suka rage, zalɓe kuma ya bi su can. A daidai wannan lokaci ne baƙin da ke tserewa sanyin Turai suke nan tare da na gida.

Idan kuwa sheƙa da ƙyanƙyasa kake son gani, sai damina. Balbela a ƙasar Hausa da ruwan sama take haihuwa, lokacin da fara ta yawaita.

A cikin yini, sa'o'i biyu na farko bayan fitowar rana da sa'o'i biyu na ƙarshe kafin magariba su ne na aiki. Ka yi sallar asuba ka kama hanya.

Gargaɗi: ranar da hazo ya yi kauri, ka ɗage fitar. Farin tsuntsu a cikin farin hazo ba ya ganuwa, ƙura kuma tana cin gilashin madubin hangen nesa.

2. Zaɓi wuri, kuma ka fara da na kusa

Kuskuren farko da sababbi ke yi shi ne tara kuɗin mota zuwa wuri mai suna tun ba su san balbelar bayan gidansu ba. Fita uku na farko ka yi su a inda ƙafa ko ɗan acaba zai kai ka: mashayar shanu, bakin dam, gonar shinkafa da ake ban ruwa, kududdufin bayan gari, ko filin da ake huɗa da tarakta. Mutumin Kano yana da gonakin Kadawa da Kura da bakin Tiga. Na Sakkwato yana da fadamar Rima da Goronyo, na Zamfara yana da Bakolori, na Maraɗi yana da tafkin Madarunfa, na Yamai kuwa kogin Kwara ne ya ratsa masa gari.

Sai idonka ya saba sannan ka nufi dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya ratsa Jigawa da Yobe. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayoyi, a shekarar 2000. Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, da Dagona da ke ƙasar Bade, sun shiga jerin a 2008. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi, saboda haka ba a faɗa mata kai tsaye, sai ka bi ta hannun ma'aikatan gandun.

Gargaɗi: kafin ka tafi kowace fadama da ba ta garinku ba, ka kira wani ɗan wurin ka tambayi lafiyar hanya a wannan makon, ba labarin bara ba. In ya ce a dakata, a dakata.

3. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Abu ɗaya ne mai tsada, madubin hangen nesa. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lamba ta farko tana nufin zai kusanto maka da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, wanda ke tara haske da sassafe. 10x42 ma ya yi. Kada mai shago ya ruɗe ka da mai 20 ko 30, ko wanda ake murɗawa ya ƙara kusantowa. Hannun mutum ba ya riƙe su ba rawa, kuma tsuntsu ɗan motsi kaɗan zai yi ya fice maka daga gani. Na gwanjo mai lafiya ya fi sabo mai araha nesa ba kusa ba, kuma ka sa a ranka kuɗinsa zai yi kusa da na ƙaramar wayar Android.

Kafin ka biya, fita da shi ƙofar shago ka gwada abu uku. Dubi wayar lantarki daga nesa: in ka ga ta rabu biyu, cikinsa ya goce, zai sa maka ciwon kai, ajiye shi. Juya shi ka leƙa ta manyan gilasan ka ga ko akwai fumfuna ko tsaga. Sannan murɗa ƙarfen tsakiya ka ji ko yana tafiya sumul.

Saita shi kuwa sau ɗaya ake yi. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka murɗa na tsakiya har abu ya fito tas a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka murɗa ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Daga nan na tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Sauran kayan duk na gida ne: ƙaramin littafi da fensir, don biro yana zuba idan takarda ta jiƙe, malafa, gorar ruwa, buhu ko 'yar tabarma ta zama, takalmin roba dogo, waya cike da caji. Tufafi ka sa masu launin ƙasa, ko toka, ko kore mai duhu. Farar shadda mai sitati tana walƙiya tana kuma ƙara idan ka motsa, ka bar ta sai Juma'a.

Kuɗin kowace fita sun haɗa da na mota, na ɗan acaba zuwa da dawowa, ɗan abin goro na gaisuwa, sallamar wanda ya yi maka jagora, da kuɗin shiga idan wurin na hukuma ne. Kwale-kwale shi ya fi cin kuɗi, don haka ku haɗu mutum uku ko huɗu ku raba. Ka yi ciniki a tudu kafin ka sa ƙafa a jirgi, a faɗi sa'a nawa da inda za a kai. Ɗan acaba kuma ka ba shi rabi, sauran sai ya dawo ɗaukarka.

In ba ka da kuɗin madubi yanzu, kada wannan ya hana ka. Balbela tana daga cikin tsuntsaye ƙalilan da ido kaɗai ya isa a yi nazarinsu.

4. Gaida mutane kafin ka nemi tsuntsu

Wannan mataki ya fi madubi muhimmanci, kuma shi ne aka fi rainawa. Fadama ba daji ba ce da babu mai ita. Kowane taku gonar wani ce, ko wurin su na wani, ko burtalin shanu. Baƙo da ya ɓullo da asuba da na'ura a wuya yana leƙe-leƙe yana rubutu a littafi, a irin zamanin da muke ciki, dole a yi masa wani zato, kuma mutane suna da gaskiya.

Ka je tun jajibiri idan zai yiwu. Nemi mai unguwa ko dagaci, a ƙasar Bade da Nguru kuma bulama ko lawani. Ka tuɓe takalmi ka gaishe shi yadda ya kamata: "Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne daga wuri kaza, tsuntsayen fadamarku na zo gani, ba harbi nake yi ba, ba kuma awon fili ba." Wannan kalma ta ƙarshe ka tabbata ka faɗe ta, domin abin da manomi ya fi tsoro ke nan idan ya ga mai littafi. Nuna katin shaidarka. Miƙa masa madubin ya duba da kansa. Na sha ganin fuskar dattijo ta sake nan take da ya hango akuyarsa a ƙetaren ruwa kamar zai taɓa ta. Sannan ka roƙi a haɗa ka da yaro ko masunci da ya san wurin. Abin da masunci zai nuna maka a safiya ɗaya, kai kaɗai sai ka yi wata ba ka gano shi ba.

Haka za ka yi wa makiyayi. Tsaya daga nesa ka yi sallama, ka tambayi lafiyar dabbobi, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton shanun mutum, balle iyalinsa, sai ya yarda. Kada ka taɓa ƙirga shanu da yatsa. Kada kuma ka ɗaga madubi wajen shingen jami'an tsaro, ko ginin dam, ko inda mata ke wanka da wanki.

5. Yadda ake zama

Da safe ka zauna a gabashin ruwan, rana a bayanka. Da yamma ka koma yammacinsa. Wanda ya fuskanci rana inuwar tsuntsu kawai zai gani, fari da baƙi duk su zama ɗaya.

Nemi gindin bishiya, ko jikin kunya mai tsayi, ko suri, ka jingina, don kada siffarka ta fito a sarari. Idan za ka isa wurin, kada ka miƙe sak zuwa ga tsuntsu kana kallonsa. Tafi a karkace, a hankali, kamar manomin da ke duba shukarsa. Sun saba da manomi da masunci, wanda ba su saba da shi ba shi ne mai zura musu ido.

Tsuntsun da kansa zai gaya maka iyakarka. Zalɓen da ke kiwo wuyansa a lanƙwashe yake, idonsa a ruwa. Da zarar ya daina, ya miƙe wuya sama ya tsaya ƙyam, ka kai iyaka, tsaya nan ka zauna. In ya ɗan durƙusa ya karkata jiki, tashi zai yi, ka riga ka wuce gona da iri. Tashin nan ba ƙaramin abu ba ne a gare shi, abincin safiyarsa ka katse, kuma idan ɗaya ya tashi da kuka yakan kwashe duk na kusa.

Bayan ka zauna, ka ba wurin minti 20 ba motsi, waya a kashe mata ƙara. Za ka ga kamar ba abin da ke faruwa. Daure. Can sai ka ga waɗanda suka matsa sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, har wata balbela ta zo tana tsince fara taku goma daga ƙafarka. Idan za ka ɗaga madubi, kafa idonka a kan tsuntsun, ka kawo madubin ga idon ba tare da ka sunkuya ba.

Gargaɗi: duba gindin bishiya da ramukan suri kafin ka zauna, saboda maciji da kunama. Kada ka shiga ruwan da ba ya gudu da ƙafa ba takalmi. Tsargiya ta fata take shiga, kuma fadamunmu da madatsun ruwa suna da ita sosai. A kwale-kwale kuma ka sa rigar kariya, kada ka miƙe tsaye don hoto, kada ka hau wanda aka cika maƙil.

6. Rabe wannan da wancan

A nan ne daɗin aikin yake, a nan kuma aka fi kuskure. Mu duk farin tsuntsu mai dogon wuya balbela muke ce masa, alhali a fadama ɗaya kana iya samun farare iri huɗu tsaye kusa da juna. Ka riƙa duba abu huɗu a jere, kullum a wannan tsari: girma, launin baki, launin ƙafa, sannan inda yake tsaye.

Balbela ta ainihi ita ce gajeruwarsu, tsawonta kamar rabin mita. Wuyanta gajere ne mai kauri, bakinta rawaya ne gajere, ƙarƙashin haɓarta a cike kamar mai kumatu. Mafi yawa a tudu za ka gan ta, cikin ciyawa ko bayan shanu. Da damina takan yi ado: kanta da ƙirjinta da gadon bayanta su yi launin ƙasa-ƙasa mai ja, bakin ma ya yi ja na ɗan lokaci. Mutane da yawa suna ɗauka datti ne ko wani tsuntsu dabam, alhali kwalliyar aure ce.

Na biyu siriri ne, ya ɗan fi ta tsayi, bakinsa baƙi siriri, ƙafafunsa baƙaƙe amma yatsun rawaya, kamar ya taka kwaɓin rawaya. Shi a cikin ruwa marar zurfi yake kiwo, yana karkaɗa ƙafa ɗaya a laka don ya tayar da 'yan kifi, sannan ya bi su da gudu. In yatsun suna cikin ruwa, jira ya ɗaga ƙafa.

Na uku shi ne babban farin zalɓe, tsayinsa ya kusa mita guda, wuyansa dogo mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Na huɗu matsakaici ne, kuma shi ke rikita kowa, don shi ma bakinsa rawaya ne kamar na babban. Dabarar tana gefen baki. A babban, layin da ya raba leɓen sama da na ƙasa yana zarcewa har bayan ido. A matsakaicin kuwa daidai ƙarƙashin ido yake tsayawa. Wannan sai da madubi, kuma sai tsuntsun ya ba ka gefe.

Sai masu launin toka, waɗanda su ne Bahaushe ya fi kira zalɓe. Iri biyu ne suka fi yawa. Ɗaya kansa da wuyansa fari-fari ne da baƙin layi a saman ido, bakinsa rawaya, yana tsayawa a ruwa kamar an dasa shi. Ɗayan kuwa saman kansa da bayan wuyansa baƙi ne, maƙogwaronsa fari, kuma ba ruwansa da sai ruwa, a busasshiyar gona ma yana farautar ɓera da ƙadangare. Idan sun tashi sama, dubi ƙarƙashin fiffike: na farkon toka ne bai ɗaya, na mai baƙin kai kuwa rabi fari rabi baƙi. Akwai kuma siriri mai jan wuya da ke ɓuya cikin kacalla, wanda galibi sai ya tashi za ka san yana nan.

Biyu na ƙarshe su na fi so. Akwai ƙarami mai launin busasshiyar ciyawa da ke laɓewa a bakin ruwa cikin bado, ba ka ganinsa sam, amma yana buɗe fiffike sai ka ga fari fat ya tashi. Sai baƙin nan wuluk mai rawayan yatsu, wanda ke tafiya cikin ruwa, ya tsaya, ya kifa fukafukansa gaba su zagaye kansa kamar laima, ya kama kifi a cikin inuwar, ya miƙe, ya yi taku kaɗan ya sake. Ranar da na fara ganinsa na yi kusan sa'a guda ban rubuta ko kalma ba.

A sama kuma ga ƙa'ida mai sauƙi: duk dangin balbela da zalɓe naɗe wuya suke yi idan suna tashi, kai ya koma tsakanin kafaɗu. Shamuwa da gauraka miƙe nasu suke yi gaba.

Gargaɗi: abin da ba ka gani da kyau ba, kada ka laƙaba masa suna. Rubuta "fari, babba, ban ga baki ba" ya fi amfani a kan suna na ƙarya.

7. Bin garke

Wannan da yardar makiyayi ake yi. Tsaya a gefen garken, ta inda ya nuna maka, ka bar shanun su wuce ta gabanka.

Za ka lura balbela ta fi son kusa da kai da ƙafafun gaba na saniyar da ke kiwo tana tafiya sannu. Saniya na taka ciyawa, fara da gyare da ƙudaje suna tashi, ita kuma tana cafkewa. Saniyar da ta kwanta ko wadda ke sauri, sai ta bar ta ta koma wa wata. Yawancin mutane sun ɗauka kaska take ci a jikin shanu. Takan ɗauka jifa-jifa, amma wannan sana'ar carki ce, shi ne ke manne a jikin dabba. Abincin balbela a ƙasa yake, shi ya sa take bin garma da tarakta, take kuma taruwa a gefen gobarar daji.

Ga aikin da nake ba kowane ɗalibi. Zaɓi balbela ɗaya da ke bin saniya, ka duba agogo, ka ƙirga sau nawa ta kai sara ta haɗiye cikin minti 5. Sai ka zaɓi wata da ke kiwo ita kaɗai nesa da shanu ka yi mata haka. Maimaita sau biyar-biyar ka kwatanta. Lissafinka da kanka zai nuna maka dalilin wannan abota.

Gargaɗi: kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kada ka ratsa tsakiyar garke, kuma ka tambaya ko akwai kare.

8. Hoto da waya

Ba sai da babbar kyamara ba. Ɗora madubin a kan gwiwa ko reshe ya zauna daram, saita shi a kan tsuntsun, sannan ka manna idon wayar a idon madubin guda ɗaya. Ƙara kusanto da hoton kaɗan a fuskar wayar har baƙin zoben gefe ya ɓace. Taɓa jikin tsuntsun a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa. Wannan jan hasken shi ne sirrin hoton farin tsuntsu, in ba haka ba dunƙulen fari za ka samu ba gashi ba ido. Ɗauki da yawa ka zaɓa a gida. Kashe filasha. Kada ka yi jifa ko tafi don a tashi ka sami hoton fiffike, jira, za su tashi don kansu.

9. Ƙirga a makwanci

Da rana balbelu a warwatse suke, ƙirga su ɓata lokaci ne. Da yamma kuwa duk na yankin suna komawa bishiya ɗaya ko 'yan bishiyoyi su kwana, galibi kusa da ruwa ko a tsakiyar gari. Nan ake ƙirga.

Gano makwancin ba wuya. Bayan la'asar ka tsaya a fili ka ga inda layukansu suka dosa, ka bi. Ko ka tambayi yara, sun sani. Ƙasan bishiyar fari ne fat da kashi.

Ranar ƙirga ka iso sa'a guda da rabi kafin faɗuwar rana. Tsaya inda kake ganin bishiyar da sararin da ke kewaye da ita. Fara da ƙirga waɗanda ka tarar a kai, ka rubuta. Daga nan kada ka ƙara kallon bishiyar, masu shigowa kawai za ka bi. Ƙaramin rukuni ka ƙirga ɗaya-ɗaya. Babba kuwa ka ƙirga goma na farko, ka riƙe girmansu a ido, ka auna sauran da shi: goma, ashirin, talatin. Rubuta kowane rukuni dabam, 7, 23, 40, tarawa sai a gida. Waɗanda suka tashi suka bar wurin ka rubuta su a gefe ka debe.

Mutum biyu sun fi ɗaya, wani na kira wani na rubutu. Idan ta fuska biyu suke shigowa, ku raba, ku sa wata alama kamar turken lantarki ta zama iyaka, don kada ku ƙirga rukuni ɗaya sau biyu. Minti 20 na ƙarshe kafin duhu su ne masu zafi, nan mafi yawansu ke kwararowa, don haka ka yi alwala tun da wuri ka san inda za ka yi magariba kusa.

Gargaɗi: idan wani abu ya firgita su suka tashi gaba ɗaya suka sake sauka, kada ka ƙirga su a matsayin sababbi. Ƙirga ɗaya kuma ba ta cewa komai. Amfaninta sai an maimaita a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kowane wata.

10. Bishiyar sheƙa da damina

Balbela a taro take sheƙa, wani lokaci ɗaruruwa a tsamiya ɗaya ko dalbejiya, sau da yawa tare da zalɓe mai baƙin kai a rassan sama. Namiji ke kawo tsinke, mace na jerawa. Ƙwai uku ko huɗu ne galibi, masu launin shuɗi-shuɗi, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci na kwana 23 ko kusa da haka. Bayan mako biyu da ƙyanƙyasa 'ya'yan sun fara rarrafe a rassa, a wata guda sun fara tashi.

A nan nake roƙo da babbar murya: kada ka tsaya a gindin bishiyar, kada ka hau, kada ka sa yaro ya hau. Idan iyayen suka tashi, rana tana dafa ƙwai cikin ɗan lokaci, hankaka da shirwa kuma dama jira suke. 'Ya'yan da suka firgita suna faɗowa, kuma wanda ya faɗo da wuya ya rayu. A daji ni taku 100 nake bari tsakanina da su. A gari, inda suka saba da mutane, inuwar wani gida a ƙetaren hanya ta isa. Ƙirga sheƙar da ka ga tsuntsu zaune a kai kawai, reshe bayan reshe daga hagu zuwa dama.

Maƙwabtan irin wannan bishiya suna shan wari da hayaniya, kuma kashin yana iya kashe bishiyar kanta. Kukansu gaskiya ne, kada ka je kana musu wa'azi. In sun ƙudura sassabe rassan, abin da za ka roƙa shi ne su jira 'ya'yan su tashi, makonni kaɗan ne.

Gargaɗi: kada ka taɓa mataccen tsuntsu ko marar lafiya da hannu. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci. In ka ga sun mutu da yawa a wuri guda, ka sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Mai kiwon kaji kuma ya wanke takalminsa da sabulu kafin ya shiga gida.

11. Rubuta tun kana wurin

A saman kowane shafi ka sa kwanan wata, sunan wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin sama, da yadda ruwa yake. Ƙarƙashinsa kowane iri da adadinsa da abin da yake yi. Sunan da masunci ko makiyayi ya kira tsuntsu da shi, da Hausa ko Fulatanci ko Badanci, ka rubuta shi yadda ka ji, da garin da ka ji shi. Sunayen nan suna ɓacewa tare da dattawa, kuma ba kowa ke tattara su ba.

In kana son bayananka su amfani wasu, akwai manhajoji kyauta. Merlin tana taimakawa wajen gane tsuntsu, amma ka sauke kundin yankinmu tun kana gari inda akwai intanet. eBird tana ajiye jerin abin da ka gani. BirdLasser kuwa ita ce masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita, aikin da cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos take jagoranta. A tsarinsu an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, ana so ka yi aƙalla sa'a 2 a ciki kana rubuta duk abin da ka gani. A watan Janairu kuma ake ƙirgar tsuntsayen ruwa ta duniya, kuma dausayin Haɗeja da Nguru yana cikin wuraren da ake zuwa. Wanda ya yi wata uku yana ƙirga makwancin garinsu zai iya shiga wannan ayari ba tare da ya zama kaya ba.

Kafin ka hau babur, koma wajen mai unguwa ka yi sallama, ka nuna masa hotuna biyu ko uku, ka faɗa masa adadin da ka samu. Sallami yaron da ya raka ka, ka karɓi lambar wani a garin, ka roƙe shi ya kira ka ranar da ya ga balbelu sun fara ɗaukar tsinke.